Karfasa Tara a Kwamin Yaya

Yayana ba ya iya ganin abu a rufe ya ƙyale shi. Tun muna yara haka yake. Rediyon babanmu sau uku yana shan warwara a hannunsa, kuma a karo na ukun ne aka samu rarar kusoshi biyu da har rediyon ya mutu ba a gano mazauninsu ba. Ni ce autar gidan, shekara goma sha ɗaya ya ba ni, kuma ni ce mai tona masa asiri duk ranar da ya yi ɓarna. Bai taɓa riƙe ni da wannan ba. Iyakarsa ya ce, "Auta, bakinki ya fi ƙafarki sauri."

Da ya girma sai ya samu sana'ar da ake biyan mutum don ya buɗe abu. Shekara talatin ya yi yana gyaran agogo a kan wani ɗan tebur mai gilashi a bakin kantin magani, har sunansa ya ɓace, kowa sai Mai Agogo. Daga baya waya ta shigo ta kashe kasuwar. Mutum zai zo ya tsaya a gaban teburin, ya zaro waya ya duba lokaci, ya wuce. Yaya ya jure shekara biyu yana kallon wannan cin fuska, ran nan ya naɗe kayansa ya dawo gida.

A bayan gidansa akwai fili inda matarsa take shanya. Nan ya sa aka gina kwami huɗu na siminti, kowanne tsayinsa ya kai ƙugun mutum, ya ja famfo, ya zuba 'ya'yan karfasa. Matarsa, wadda nake kira Anti, ta kwashe igiyar shanyarta ta mayar tsakar gida tana mita. Ni kuwa ban yi mita ba. Layi biyu ne tsakanin shagon ɗinkina da gidansu, kuma duk wanda ya san ni ya san ba na wasa da kifi. Na zama mai yawan zumunci fiye da da.

Shekara biyu abin ya tafi daidai. Yaya yana kiwon kifi kamar yadda yake gyaran agogo: komai da lokacinsa, komai da ma'auninsa. Yana da ma'aunin zafin ruwa da yake tsomawa safe da yamma, yana da cokalin awon abinci wanda in ka taɓa sai kun ɓata. Maƙwabcinsa, wani tsohon direban babbar mota da ciwon baya ya sauke daga hanya, ya gani ya yi sha'awa, shi ma ya gina kwami biyu a gidansa. Kullum bayan la'asar suna zaune a kan benci suna musu a kan kifi, Direba yana cewa a ba su su ƙoshi, Yaya yana cewa a auna.

A shekara ta uku ne cutar ta zo. Yaya ya sayo sababbin 'ya'yan kifi a wani wuri da bai saba ba, don sun fi kusa. Bayan mako biyu kifayensa suka daina cin abinci. Sai su taru a kusurwa su yi shiru, jikinsu ya yi duhu, idanun wasu su kumbura su yi fari. Ranar farko ya tsame matattu goma. Rana ta huɗu da bokiti ake kwasa.

Ba irin shawarar da ba a ba shi ba. Wani ya ce gishiri, aka zuba. Direba ya kawo kafso ja da rawaya cikin leda, ya ce su yake sha in ya ji jikinsa ba daɗi, aka farke aka zuba. Aka canja ruwa har famfon ya fara tari. Kifaye suka ci gaba da mutuwa kamar ba da su ake ba. Ni dai wari ya hana ni zumunci na kwana biyu, ba zan ɓoye ba. Da na koma sai na tarar da Yaya a tsugune, ya shimfiɗa matattun a kan faranti, ya manna gilashin nan na gyaran agogo a ido, yana farke su da reza ɗaya bayan ɗaya.

Na ce, "Yaya, me kake nema?"

Ya ce, "Abin da ya tsaya. Agogo ba ya tsayawa haka kawai, Auta. Dole akwai haƙorin da ya karye."

"To ka gani?"

"Hantarsu ta koɗe. Amma abin da ya koɗar da ita ban gan shi ba."

Cikin wata guda kwami huɗu suka koma kango. Daga kifi wajen dubu biyu, tara suka rage. Anti ta yi kuka, don ta san abin da aka zuba a wurin. Direba, da Allah ya tsare nasa, ya daina zancen kifi a kan benci don kunya. Shi kuwa Yaya, wanda ya kamata a yi wa jaje, hankalinsa na can wani wuri. Bai tsaya tambayar me ya kashe dubu biyu ba. Abin da ya hana shi sukuni shi ne me ya hana taran nan mutuwa.

Ya haɗa su a kwami ɗaya, na can ƙarshe kusa da katanga. Ya auna nauyinsu, ya auna tsawonsu. Ba su fi sauran girma ba, ba su fi su kyau ba. Akwai ma wata mai ido ɗaya da wani mai yagaggen bindi. Ruwa ɗaya suka sha da waɗanda suka mutu, abinci ɗaya suka ci, a cikin gawarwaki suka yi iyo. Sai ya ɗauko kujera ya zauna a bakin kwamin yana kallonsu, awa ɗaya, awa biyu. Anti ta ce tun da aka ɗaura musu aure bai taɓa yi mata irin wannan kallon ba.

Wata rana na zo ya tare ni tun daga ƙofa.

"Auta, kin tuna lokacin da kika yi ƙyanda?"

"Ina zan tuna? Shekarata nawa?"

"Uku. Kin kusa tafiya. To tun daga nan kin sake yi?"

"A'a."

"Ko da 'ya'yanki suka yi, ke kika yi jinyarsu, ta kama ki?"

"Ba ta kama ni ba."

Ya tafa hannu. "Shi ke nan! Jikinki ya haddace ta. Waɗannan ma jikinsu ya haddace. Yanzu abin da ya rage shi ne su koya wa na baya."

Na yi dariya har da riƙe ciki, na ce to a saya musu allo da alli. Bai kula ni ba. Lissafinsa shi ne: kifi a ruwa yake numfashi, a ruwa yake komai, kuma jikinsa kullum yana fitar da yauƙi. Duk abin da ya kare taran nan, in ji shi, dole yana fita tare da yauƙin ya shiga ruwa. In ƙananan kifi suka taso a cikin ruwan nan za su sha, su ma su samu. Yadda ya jera maganar, wallahi ni ma sai da na fara gyaɗa kai.

Ya wanke sauran kwami ukun tas, ya bar su a rana suka bushe har mako uku. Ya koma wurin da ya saba sayen 'ya'yan kifi ya ɗauko sababbi, ya raba su uku. Wata biyu suna girma lafiya lau, suna rububin abinci. Sannan ya ɗauko taran nan, waɗanda muka koma kira malamai. Ya sa biyu a kwami na farko, biyu a na biyu. Na ukun ya bar shi babu malami, ya ware masa komarsa da bokitinsa daban.

Na tambaye shi laifin me 'yan kwami na uku suka yi da za a hana su karatu.

Ya ce, "In ka gyara agogo, da me kake gane ya yi daidai? Sai ka ajiye shi kusa da wanda ba ka taɓa ba."

Direba da ya ji labari ya zo har gida. Ya ce, "Haba mutumina, katanga ɗaya ce tsakaninmu, za ka yi wa naka rigakafi ka bar nawa a tsirara?" Yaya ya ce ya dakata a ga sakamako tukuna. Direba ya ce ai cuta ba ta jiran sakamako. Suka yi ta ja-in-ja har Yaya ya ji nauyi, ya kamo biyu, cikinsu har da mai ido ɗaya, ya sa a bokiti ya kai masa da kansa. Na ga fuskarsa a ranar. Tun da ya bar teburin agogo ban ga ya yi alfahari da wani abu haka ba.

Kwana goma sha biyu aka yi. A na sha uku 'yan kwami na farko suka ƙi abinci.

Ba sai na maimaita ba, duk abin da ya faru a baya shi ya sake faruwa: taruwa a kusurwa, duhun jiki, fararen idanu, bokiti. Kwami na biyu ya bi sahu. Malamai kuwa suna ta iyonsu a tsakiyar gawarwaki, ko gezau. Yaya yana kwasar matattu yana cewa, "Kin gani? Cutar ta dawo kuma ta sake kasa su. Lokaci ne bai isa ba, ƙananan ba su gama ɗauka ba." Yana faɗa yana kauce wa idona.

Ni kuma bakina ba ya ajiya. Na leƙa kwami na uku, na ga kifaye suna tsalle suna neman abinci.

Na ce, "Yaya, waɗannan da ba ka sa musu malami ba fa?"

Ya ce, "Na gani, Auta. Tun shekaranjiya na gani."

Da yamma Direba ya shigo da bokiti. Bai zauna a benci ba. Ya ajiye bokitin a gaban Yaya, mai ido ɗaya da ɗan'uwanta suna juyi a ciki, ya ce, "Ga amanarka. Su kaɗai suka rage." Bai ɗaga murya ba, bai zagi kowa ba, ya juya ya fita yana dafe da baya. Da ya yi faɗa da ya fi mana sauƙi.

Washegari Yaya ya sa hula ya tafi asibitin dabbobi, abin da ya kamata ya yi tun watanni shida da suka wuce. Na sha gaya masa, amma mutumin da ya shekara talatin ana kawo masa gyara ba ya son kai nasa wurin wani. Ya dawo da wata likita, yarinya ce da ba ta wuce sa'ar babbar 'yarsa ba, da takalmin roba da kula cike da ƙanƙara. Ta ɗauki matattu, ta ɗauki ɗan samfuri daga jikin malamai, ta ce za a aika ɗakin gwaji. Kafin ta fita ta sa ya toshe magudanar kwamin ukun da cutar ta taɓa, ta ce ko ɗigon ruwansu kada ya fita titi.

Bayan mako biyu ta dawo. Anti ta kawo kujeru bayan gida, ni ma na rufe shago na zo, don ba a ba ni labari.

Likita ta ce, "Baba, bairos ne. Wata irin ƙwayar cuta ce ƙarama ƙwarai, gilashinka ba zai gan ta ba, ko na asibitinmu ma ba ya gani. Shiga take cikin naman kifin ta mai da shi wurin hayayyafa. Shi ya sa kafso bai yi komai ba, ba irin cutar da yake kashewa ba ce."

Yaya ya matso da kujera. "To su taran nan, me suka yi mata?"

"Jikinsu ya yi faɗa da ita ya yi nasara. Kifi ma yana da garkuwar jiki kamar mutum. Wani tasa takan tashi da wuri ta tare cutar kafin ta yi nisa, daga nan kuma jikin ya gane ta, in ta dawo ba ta samun sa da sauƙi."

Ya waiwayo ya dube ni. "Kin ji? Haddacewa."

Ta ce, "Nan kam ka yi daidai, Baba. Inda aka samu matsala shi ne, wanda ya tsira ba lallai ne ya rabu da ita ba. A jikin wani takan laɓe, ba ta cutar da shi, amma yana zubar da ita a ruwa, musamman in an wahalar da shi, kamar a kama shi a canja masa wuri. Mun same ta a jikin naka."

"Amma garkuwar ba ta fita a ruwan?"

"Ba ta fita yadda za ta kare wani. Tasu ce su kaɗai. Cutar ce ke fita."

Na zaci nan zai yi shiru. Ina! Ya tambaye ta ko zafin ruwa yana da hannu, ya ɗauko mata littafin da yake rubuta awon safe da yamma, ta buɗe tana mamaki. Ya tambaya ko mutum zai iya ɗauka, ta ce a'a, wannan ta kifi ce. Ya tambaya ko 'ya'yan taran za su gaji ƙarfin iyayensu. Ta ce mai yiwuwa ne, akwai masu binciken da aikinsu ke nan, amma a killataccen wuri suke yi, inda ruwan da ya fita sai an kashe duk abin da ke cikinsa. Sai ta nuna magudanar gidan da ta bi ta ƙarƙashin katanga ta wuce ta ƙofar Direba.

Ta ce, "Baba, zaɓi biyu ne. Ko a kashe su a binne da farar ƙasa, a wanke kwamin da magani, ka ci gaba da kiwonka. Ko ka riƙe su, amma ka san ba kifin da zai zauna lafiya a gidan nan, ko a maƙwabta. Tsuntsu ɗaya ya isa ya ɗauka daga nan ya kai can."

Kwana goma sha ɗaya Yaya yana jan ƙafa. Ya mayar da malamai tara kwaminsu, ya rufe shi da raga, ya ɗora guntun kwanon rufi a kai. In zai je wurinsu sai ya canja takalmi, in ya dawo ya wanke hannu har gwiwar hannu. Ya roƙi likita ta tambayar masa ko masu binciken nan za su karɓe su kyauta, shi zai biya kuɗin mota. Ta tambaya, aka ce ba su da wurin ajiye kifi mai ɗauke da cuta daga waje. Ya ce to ko zai kai su rafi ya sake su. Likita ta ce in ya yi haka ita da kanta za ta kai ƙararsa.

Na ji haushinsa a kwanakin nan, kuma na gaya masa. Na ce ga kifi ɗari shida a kwami na uku da za su ciyar da gidansa, ga Direba yana son sake zubawa amma yana tsoro, shi kuma ya tsaya lallaɓa guda tara da suka kashe masa fiye da dubu. Ya ce, "Su ba su san sun kashe kowa ba. Ni na ɗauke su da hannuna na kai su." Daga nan tausayinsa ya kama ni.

Rana ta sha biyu da safe hadari ya haɗo, na farko a shekarar. Anti ta aiko a kira ni. Na tarar Yaya ya riga ya haƙa rami a gindin katanga, ga buhun farar ƙasa a gefe, ga babban baho da ruwa. Ya san in ruwan sama ya sauka kwamin zai cika ya tumbatsa, kuma ba toshiyar da za ta riƙe shi. Likita ta ba shi man kanumfari a 'yar kwalba, ta ce in ya zuba da yawa a ruwan bahon barci za su yi, ba za su farka ba.

Anti ta ce a hankali, "Tunda an ce ba ta kama mutum, ko in gyara su? Manya ne fa."

Ya girgiza kai. Ni da ba na barin kifi ya wuce ni, ranar ko sha'awa ban yi ba.

Ya ce, "Auta, riƙe min bahon kada ya karkace."

Na riƙe. Ya tsiyaye kwalbar duka, ƙamshin kanumfari ya cika bayan gidan. Ya yaye kwanon da ragar, ya ɗauki koma. Na sha ganin ana kamun karfasa a kwami, sai an yi ta kora ana jiƙewa, don wayo gare su. Waɗannan kuwa watanni suka yi ba sa ganin kowa sai shi. Da inuwarsa ta faɗa kan ruwan sai suka taso gaba ɗaya, suka taru a gabansa suna buɗe baki. Ya zura komar, uku suka shiga da kansu. Ya juye a baho, ya koma, sauran suna nan inda ya bar su suna jira.

Sau huɗu ya zura komar. A baho suka yi ɗan zagaye, suka fara karkacewa, ɗaya bayan ɗaya suka kwanta a gefe. Mai yagaggen bindi ne ya fi daɗewa. Yaya yana tsugune, hannunsa cikin ruwan, har murfin kunnen na ƙarshe ya daina motsi.

Ya ce, ba tare da ya ɗago ba, "Da ma sun gudu, Auta. Ko ɗaya bai gudu ba."

Sai aka fara yayyafi. Ya miƙe ya ɗauki shebur.